Waƙa a bakin mai ita: me mawaƙa ke faɗa wa matan Garwa?

A wani biki da na halarta a unguwar Yelwa da ke Garwa, na zauna ina sauraren kirarin da mawaƙi ke zuba wa amarya. Ya yabi farinta, ya yabi dogon hancinta da gashinta, ya rufe da nasihar da kowa ya haddace: ta yi haƙuri. Guɗa ta kaure, takardun sefa na zuba a goshinsa. A gefena akwai wata yarinya baƙa kyakkyawa da ba ta wuce shekara 14 ba. Ta kalli amarya, can sai ta sunkuya ta kalli bayan hannunta. Wallahi har yau wannan kallon bai bar raina ba.

Saƙo biyu ta ɗauka ta tafi gida da su: mace sai fara, mace sai haƙuri. Kuma dukansu biyun muna ganin inda suke kai mu.

Na farko shi ne bilicin. A watan Agustan 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya haramta shigowa da sayar da mayukan sauya launin fata masu ɗauke da sinadarai irin su haidirokwinon da zaiba, waɗanda ke ƙona fata, zaibar kuma har ƙoda take taɓawa. To amma doka kanti take iya rufewa, ba ta iya cire wa budurwa abin da aka rera mata tun tana goye.

Na biyu shi ne abin da Fulani ke kira munyal. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta rubuta littafi sukutum a kan yadda ake rufe bakin matan arewacin Kamaru da wannan kalma, ko auren dole aka yi musu, ko duka suke sha. Littafin, da aka sake bugawa a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ma ta tanadi ɗauri ga mai aurar da yarinyar da ba ta kai 18 ba. Sai dai fa littafin da dokar duk da Faransanci yawancinmu muka san su. Matar da ke suyar ƙosai a bakin kasuwa, rediyo da wayarta take saurare. Waƙa ce jaridarta.

Wani zai ce ai duniya ta yi gaba. Gaskiya ne, a 2019 Beyoncé ta saki Brown Skin Girl tare da Wizkid, waƙar da ke yabon baƙar fata, bidiyonta ya ci Grammy a 2021. Na ji ta a wayoyin 'yan makaranta a nan, kuma na ji daɗi. Amma Turanci ce, ba ta shiga ɗakin da ake yi wa amarya lalle. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Oumou Sangaré ta Mali. A faifanta na farko mai suna Moussolou, wato mata, da harshen mutanenta ta soki auren dole, shi ya sa maganar ta shiga gida gida.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya kawai ta yi shekaru tana zaburar da mata su kama sana'a, tana yi wa mai zaman jiran miji shaguɓe. Iyayenmu mata Hausawan Garwa sun ci kaset ɗinta har ya tsinke. Ba ta jira wata ƙungiya daga waje ta ba ta take ba.

Garwa ta fitar da mawaƙa da suka yi suna, irin su marigayi Ali Baba da Isnebo na Faadah Kawtal. Ina matan? Suna nan, su ke waƙar daka, su ke ta suna da ta kamu. Amma da zarar ɗaya ta ce za ta shiga situdiyo, sai a fara yi mata kallon marar kamun kai, dangi su taso, manemi ya janye. Haka muryar da ta fi sanin ciwon take komawa bayan katanga, maza su ci gaba da faɗin yadda mace ta gari take.

Kowace 8 ga Maris ana ɗinka atamfar ranar mata, a yi maci, a sha kiɗa. Kamfanin CICAM da aka sani da wannan atamfa yana da masaƙa a nan Garwa, audugar kuma mata na cikin masu tsinkarta a gonakin arewa. Washegari a ninke zane a sa a akwati, waƙar biki ta koma yadda take.

Ni dai ga inda nake ganin mafita. Mawaƙin biki ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, inda kuɗi ya faɗi nan bakinsa ke bi. Su wa ke liƙi? Mata. Uwar biki ce ke ɗauko shi, ita ke biyansa. Ranar da Hajiya ta ce masa, "Malam, yabi karatun 'yata da sana'arta, ka bar zancen fari," ranar zai sauya baiti. In kuma ta ɗauko mace ta ba ta makirfon, ta biya ta daidai da namiji, ya fi.

Haƙuri hali ne mai kyau, ba na musu. Amma yarinyar nan ta Yelwa ta cancanci ta ji, ko sau ɗaya, an ambaci mai irin launinta a waƙa, guɗa ta tashi.