Katangar da ta karkace: laifin magini ne ko na gilashi?



Kwanakin baya wani matashi a unguwarmu ta Soron Ɗinki ya nuna mini hotunan wani tsohon soro da aka rushe, aka maye gurbinsa da ginin bulo. Ya ɗauke su kafin rusau ɗin, ga zankwaye, ga ƙofar zaure, ga azarar da ke riƙe da rufi. Sai na lura katangar gaba ta yi ciki kamar randa. Na tambaye shi, haka maginin ya yi ta, ko kyamararka ce ta lanƙwasa ta? Ya yi shiru. Ginin kuwa babu shi, balle a koma a duba.

Abin da ya kamata a sani shi ne, kusan kowane gilashin kyamara yana da tawayarsa. Wanda aka saba sayarwa tare da kyamarorin Canon da Nikon, mai milimita 18 zuwa 55, idan aka buɗe shi a 18 yakan kumbura miƙaƙƙen layi zuwa waje, musamman kusa da bakin hoto. Wani gilashin yakan dushe kusurwoyi huɗu. Wani kuma yakan bar ɗan zaren ja ko shuɗi a gefen abubuwa, domin launukan haske ba sa karyewa daidai wa daida a cikin gilashi. Waɗannan aibobi ba su zuwa da ka, suna bin ƙa'ida, don haka ana iya auna su, a rubuta su da 'yan lambobi, kwamfuta ta warware su.

A shekarar 2007 wani mai suna Andrew Zabolotny ya fara wata ma'ajiya mai suna Lensfun domin tara irin waɗannan ma'aunai. Ba kamfani ba ce, 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita, kuma manhajojin gyaran hoto na kyauta irin su darktable da RawTherapee da digiKam daga cikinta suke ɗiba. Wani Bajamushe, Torsten Bronger, ya shafe shekaru yana karɓar hotunan gwaji daga mutanen da bai taɓa gani ba, yana fitar musu da lissafin. Duk gilashin da ka tarar a ciki, wani ne ya ɓata yininsa ya auna shi, ya bar wa na baya.

Ra'ayina shi ne, masu ɗaukar hoto na Kano ya kamata su shiga wannan aiki, kuma hujjata ba ta tsaya ga nuna godiya kaɗai ba. Mu a nan akasari kayan gwanjo muke saye, da tsofaffin gilasai na zamanin fim da ake ɗaura wa sabuwar kyamara, da masu araha daga ƙasar Sin. Irin waɗannan su ne aka fi rasa ma'auninsu, domin mai kuɗi a Turai ba zai zauna auna gilashin da ba ya amfani da shi ba. Wanda ke riƙe da shi a hannu, shi ne kaɗai zai iya. Ga kuma batun haƙƙi: tun 2017 kamfanin Adobe ya mayar da sababbin fitowar Lightroom na haya, da yawa daga cikinmu kuma sai muka koma ga kwafin sata muna kawar da kai. Mafita mai tsafta ita ce manhajar kyauta, ita kuwa ba za ta yi mana amfani sosai ba sai ta san gilasanmu.

Aikin ba shi da wahalar da ake zato. Za ka nemi gini mai dogayen layuka miƙaƙƙu, ka ja baya kamar mita 8 ko fiye, ka daidaita yadda layi ɗaya zai ratsa kusa da saman hoto daga wannan gefe zuwa wancan. Idan gilashin mai zuƙowa ne, sai ka maimaita a wurare kamar biyar daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kana ajiye ɗanyen hoto, wato RAW. Manhajar Hugin ce ke bin layukan ta fitar da lambobin. Domin auna dushewar kusurwa kuma, farar roba mai tace haske ake ɗorawa a bakin gilashi, a ɗauka a buɗi daban-daban. Daga nan a miƙa sakamakon ga masu kula da ma'ajiyar a GitHub.

Abin dariya a nan, cikin birni ba wurin wannan gwaji ba ne. Ginin tubali na ƙasa da hannu ake shafe shi, gindinsa ya fi samansa kauri, damina kuma tana zaftare shi kowace shekara. Dole sai ka fita waje, ka nemi benen siminti mai tagogi a jere, ka nemi izinin mai shi, sannan ka dawo da gilashin da ka san halinsa ka fuskanci ganuwa ko Gidan Makama. Wato sai an ari miƙewar sabon gini kafin a iya tabbatar da lanƙwasar tsoho.

Na san za a ce, wa ke da lokacin wannan, ga tsadar data, ga rashin wuta, kuma babu ko sisi a ciki? Gaskiya ne, ba zan ce wa mai neman abincin yini a wurin biki ya ajiye sana'arsa ba. Amma sau ɗaya ake auna gilashi, duk mai irinsa a duniya ya amfana. Kuma tun da UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, hotunan da yaranmu ke ɗauka a Hawan Daushe sun zama abin da masu bincike za su nema nan gaba.

Shi wannan matashi har yanzu gilashin yana hannunsa, ɗanyen hotunan ma bai goge ba. Mun yi da shi ranar Asabar za mu fita da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, mu nemi bene. Idan aka samu lambobin, a lokacin ne za mu san yadda maginin ya bar katangarsa.