Kumburi ba abokin gaba ba ne

Ƴan'uwa manoma, da zarar damina ta kankama, daga Tibiri zuwa Cadakori da wuya a samu gidan da hauya ko ƙaya ba ta ji wa wani rauni ba. Wurin yakan kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi, yana zogi. Sai hankali ya tashi, a shiga neman abin da zai kwantar da shi nan take. A ganina, wannan gaggawa ta fi raunin kansa cutar da mu.

Allah ya sanya wa jini dakaru, su ne fararen ƙwayoyin jini. Cikin ɓargo ake yin su. A ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba, baligi mai lafiya yana da 4.000 zuwa 11.000. Idan fata ta tsage, ƙwayoyin cuta suka shiga, sai ƙananan jijiyoyin wurin su buɗe, jini ya ƙaru. Shi ke kawo ja da zafi. Ruwan jini ya tsattsafo cikin nama, shi ne kumburi. Ta nan dakarun suke fitowa su haɗiye ƙwayoyin cutar. Mugunya gawarwakinsu ce da ta abokan gaba. Kaluluwa kuwa sansaninsu ce da ta cika da aiki. A 1882 wani masani ɗan Rasha, Mecnikof, ya soka ƙaya jikin wata ƴar halittar teku, washegari ya ga irin waɗannan ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe.

To, mai dakaru a gida, taimakonsu ya kamace shi. A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu, a cire ƙaya, a ɗaure da ƙyalle wankakke. Kada a sa ƙasa ko kashin shanu, domin a cikinsu ƙwayar tetanos take, mai sandarar da jiki. A guji ƙwayoyin ƴan talla na kasuwa. Wasunsu, irin su dekisametazon, suna kwantar da kumburi ta hanyar ɗaure hannun dakarun, cuta ta ci gaba da ci a ɓoye.

Amma dakaru ma akan fi ƙarfinsu. Idan kumburi yana yaɗuwa bayan kwana 2, ko masassara ta zo, ko rauni ya fara wari, ko muƙamuƙi ya ƙage, a tafi likita a ranar, kada a jira a gama noma.

Soja da yunwa ba ya yaƙi. Yunwar 2005 ta nuna wa jahar Maradi yadda ƙaramar cuta ke kayar da yaro mai tamowa. Saboda haka kada a kai wake da gujiya kasuwa duka. A bar na tukunya, a haɗa da zogale da nono. Rigakafi ya fi magani.