Walima a Inuwar Gawo: Shin Komawa Gona Na Rage Tsadar Biki?

A 'yan shekarun nan hotunan auren Turawa a gona sun cika intanet. A Amurka da Ingila za ka ga ango da amarya tsaye a bakin wani tsohon rumbu, baƙi na zaune bisa dammunan ciyawa, an tsinko furanni an zuba cikin kwalaben da aka wanke, wani lokaci ma kowane gida ya zo da kwanon abincinsa. Su a wurinsu wannan sabon salo ne na tsere wa tsadar otal. Ni kuwa da na fara ganinsu murmushi na yi, domin abin da suka gano yau shi ne kakanninmu suka rayu a kansa, mu kuma a Maraɗi da Damagaram da Yamai muna ta rububin hayar zauren biki, kai ka ce auren da ba a yi ƙarƙashin fitilu masu walƙiya ba bai ɗauru ba.

Ina goyon bayan matasanmu da suka soma tunanin kai walimarsu gonar gado ko garkar wani kawu. Amma ina so su san cewa gona ita kaɗai ba ta rage ko dala. A can Amurka ma, da abin ya karɓu, sai masu gonaki suka mai da shi sana'a. Ka biya kuɗin fili, ka ɗauko hayar tanti da kujeru da janareta da banɗakin tafi-da-gidanka, in ka haɗa lissafi sai ka tarar ka kamo kuɗin otal ɗin da ka gudu, ga ƙura kyauta. Abin da ke sa biki ya yi araha abu biyu ne: yawan hannayen da za su yi aikin don zumunci, da ƙarfin halin taƙaita gayyata. Wanda ba shi da waɗannan, gara ya zauna ƙofar gidansu.

Kokawa da tsadar aure ba yau aka fara ba. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ta yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗin aure da doka, amma ba ta kai ga gaci ba, saboda nauyin bai tsaya ga sadaki kaɗai ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kyaututtukan biki ke zama wa mata ma'aunin daraja da hanyar ƙulla alaƙa. Matar da ta shekara goma tana kai gudunmawa gidajen ƙawayenta, ranar auren 'yarta ce ranar girbinta, kuma ba adalci ba ne wani ya zo da sunan sauƙi ya hana ta. Saboda haka ban ce a taɓa wannan ba. Ɗaurin aure ya zauna inda yake, a masallaci ko ƙofar gidan waliyyi. Sa lalle da wuni da kai amarya su ma na cikin gida ne. Abin da nake cewa a kai gona shi ne taron ci da sha, wanda shi ne yau ya kumbura ya zama liyafar bashi.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Farkon abin dubawa shi ne lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, gona na da masu ita. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin bazara na haura maki 40, duk wanda ya tara tsofaffi a fili a lokacin ya ɗauki alhaki. Abin da ya rage shi ne bayan an kai amfanin gona gida, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, shi ma a yi da hantsi ko bayan la'asar, don iskar hunturu ba ta da kunya da sassafe. A tambayi mai gari ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki ga makiyaya, kada garken shanu ya riga baƙi isa wurin. In taron zai kai dare, a duba kwanan wata: daren sha huɗu ya fi janareta haske, kuma ba ya shan mai.

Sai inuwa, kuma a nan ne ƙasarmu ta yi mana gata. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, wato daidai lokacin da mai biki ke neman inuwa. Tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓuke su, shi ya sa gonaki da yawa da a da suke fayau yau suna da inuwar da za ta ɗauki taro. Sai dai gawo na da ƙaya. Kwana biyu kafin ranar, samarin dangi su fito gayya, su tone kututturan karan gero, su share ƙaya da ƙarangiya, su ɗaga duk wani dutse ko tarin kara da kunama za ta iya laɓewa, sannan a yayyafa ruwa ƙasa ta kwanta. Wanda ya taɓa cire ƙarangiya daga bakin zanen shadda ya san dalilin da ya sa na dage a kan wannan. In akwai tsamiya ko garkar mangwaro kusa, sun fi.

Tabarmi a aro daga maƙwabta da makarantar allo, kujeru kaɗan a ajiye wa dattawa. Zana da karan dawa sun isa a kewaye wa mata wurinsu, su saki jiki su yi guɗa ba tare da idon maza ba, kuma da su za a yi makewayi biyu nesa da wurin cin abinci, kowanne da butoci. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma baƙo ba ya mantawa. Ruwa a kawo shi a amalanke tun jajibiri, a cika randuna ya kwana ya yi sanyi, a ware na sha da na alwala. Murhu kuma a kafa shi a fili tsirara, ta inda iska za ta kore hayaƙi daga jama'a, da tulin yashi a gefe, domin tartsatsi ɗaya cikin busasshen kara ya isa ya mai da walima jaje.

Abinci ya zama wanda ke jure jira: dambu da zogale, shinkafa da miya, waina, fura da nono, zoɓo da kunun zaƙi. Rago ɗaya ko biyu, gwargwadon hali.

Na san abin da za a ce: mutane za su yi gulma, za a ce talauci ne ya kora su daji. Masu wannan magana su tuna cewa walimar auren Manzon Allah (SAW) da Nana Safiyya, a shekara ta 7 bayan Hijira, a kan hanya aka yi ta tsakanin Khaibara da Madina. An shimfiɗa fatu, aka zuba dabino da cuku da man shanu, babu gurasa babu nama, kuma ba a taɓa jin wanda ya raina ta ba.

Akwai dai wata suka da na fi ɗauka da nauyi. Idan aka ce biki na yi-da-kanka, sau da yawa ma'anarsa yi-da-matanka. Na halarci irin wannan walima a wata garka a bakin Gulbin Maraɗi, kowa na yaba sauƙinta da daɗin iskar wurin, alhali uwar amarya da ƙannenta sun kwana biyu a tsaye, ba wadda ta zauna ta ci lomar kirki, har ɗaya ta kwanta ciwo bayan an watse. Kuɗin da ango ya ce ya tsimi, a jikinsu aka cire shi. Don haka tun ranar da aka sa rana a zauna a raba aiki da suna: itace da ruwa da shara da jigilar tsofaffi da kwashe kaya na abokan ango ne, kuma daga cikin abin da aka rage na hayar zaure a ware wani abu a ɗauko masu girki biyu ko uku daga ƙauyen, a biya su haƙƙinsu kafin rana ta faɗi.