Wa Zai Karantar da Malamar da Ƴaƴanmu Mata Za Su Tambaya?

Duk lokacin da aka tayar da zancen mata da jagorancin addini a nan Yamai, sai gardama ta koma kan limanci: mace za ta ja salla ko ba za ta ja ba? A ganina mun bar jaki muna dukan taiki. Abin da ya kamata ya dami iyaye da malamai shi ne: yarinya ta balaga, tana da tambaya kan haila ko ramuwar azumi, wa za ta tunkara ba tare da kunya ta rufe mata baki ba?

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. Yahudawa sun daɗe suna yin ta kan muƙamin rabai, wato malamin da ke jagorantar jama'a da ba da fatawa. Regina Jonas ce mace ta farko da aka naɗa, a Jamus a 1935, ƴan Nazi kuma suka kashe ta a Auschwitz a 1944. A Amurka sai 1972 aka naɗa Sally Priesand. Har gobe yawancin masu riƙon gargajiya cikinsu ba su yarda da naɗin mace ba.

Amma ku dubi abin da wasu daga cikin masu riƙon gargajiyar suka yi. A ƙarshen shekarun 1990, makarantar Nishmat da ke birnin Ƙudus ta fara horar da mata na tsawon shekara biyu kan hukunce-hukuncen tsarki da lafiyar mata, domin su riƙa amsa wa ƴan uwansu tambayoyi. Ba su ba su muƙamin ba, amma sun ba su ilimin. Maroko ma ta bi irin wannan hanya: a 2006 ta yaye mata 50 masu wa'azi da nasiha, ba tare da an ce su ja salla ba.

Mu kuwa ba aro za mu yi ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis da ke kai karatu ƙauyuka ƙarƙashin Ƴan Taru. A zamaninmu ga Sayyida Ummul Khairi Nyass, Mama Kiota, da makarantunta. Ga kuma sashen ƴan mata na Jami'ar Musulunci ta Say a nan Yamai.

To ina gizo ke saƙar? A gidajenmu. Namiji muna barinsa ya wuce Risala har Muhtasar. Mace kuwa, da ta sauke Alƙur'ani ta taɓa Ahalari da Ishmawi, sai mu ce ya isa. Gobe ita ce za a ba ajin matan aure a unguwa, a zo mata da mas'alar saki ko gado da ta fi ƙarfin karatunta. In ta rasa amsa, ɗalibanta su koma TikTok, inda kowa mufti ne.

Wasu na tsoron zurfin karatu zai sa mace girman kai. Ai maganin girman kai tarbiyya ce, ba jahilci ba, kuma namiji ma ba ya tsira daga cutar.

Roƙona ga malaman Islamiyya: ku zaɓi ɗalibai mata masu hazaƙa, ku kai su manyan littattafai da nahawu. Iyaye kuma, in lokacin aure ya zo, ku sa ci gaba da karatu cikin sharuɗɗan da za ku gindaya wa miji.