Hana, Dul, Set, Net: Me Yaran Suleja Suke Faɗa a Filin Takwando?

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na koma gida Suleja, na tarar ƙanena ya shiga wani sabon sha'ani. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki wasu fararen kaya da ɗamara ruwan ɗorawa ya nufi filin wata makarantar firamare a wajen Kwamba. Ran nan na bi shi. Yara ne kimanin ashirin, Hausawa da Gbagyi da Ibo da Yarabawa, kamar dai yadda garin namu yake, sun yi sahu babu takalmi, malaminsu yana daka tsawa suna amsawa: "Hana! Dul! Set! Net!"

A hanyar komawa gida na ce da shi, "Wai me ake ta hanawa ne?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba hani ba ne, ƙirga ce." Na ce to "set" da "net" fa? Ya ce ai waɗannan Turanci ne. Wata shida yana faɗar kalmomin nan, bai san cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu yake ƙirgawa da harshen Koriya ba. Haka kuma da malamin ya ce "makki", wato kare duka, yaron nan ya daɗe yana zaton makin da alƙali ke bayarwa ake nufi.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na ga magana ce da ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. Ra'ayina shi ne kada a taɓa kalmomin nan, a bar su da Koriyancinsu. Abin da ya kamata shi ne a yi wa yara bayaninsu da Hausa kai tsaye, ba sai an ratsa ta Turanci ba, kuma a rubuta su da ƙa'idojin rubutun Hausa. Na san akwai abokan karatuna da wannan magana ba za ta yi wa daɗi ba, ni ma can baya ina cikinsu.

Bari mu fara da yadda aka yi kalmomin suka iso Kwamba. Ƙasar Koriya ta kasance ƙarƙashin mulkin Jafan daga 1910 zuwa 1945. Bayan samun 'yanci, makarantun koyar da faɗa da aka buɗe a birnin Siyol suna kiran abin da suke koyarwa "tang soo do" ko "kong soo do", waɗanda ba komai ba ne illa yadda Bakoriye ke karanta haruffan da Bajafane ke karantawa "karate". Wannan bai kwanta musu a rai ba. A 1955 aka fito da sunan "taekwondo", kuma Janar Choi Hong-hi ne ya fi kowa tsayawa a kan sunan. "Tae" shuri ne da ƙafa, "kwon" dunƙulen hannu, "do" kuwa hanya ko tafarki. A 1972 aka buɗe cibiyar Kukkiwon a Siyol, wadda ke bayar da shaidar baƙar ɗamara, a 1973 aka kafa hukumar wasan ta duniya. An nuna wasan a gasar Olamfik ta Siyol a 1988, ya zama cikakken wasan lambar yabo a Sidni a 2000. A duk tsawon wannan tafiya abu ɗaya ne ba su saki ba: duk inda za a yi gasa a duniya, da Koriyanci alƙali zai yi magana.

Saboda haka lokacin da Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijin a 2008, "sijak" aka ce masa ya fara, "keuman" aka ce masa ya daina. Haka ma Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, wanda ya ci azurfa a Riyo a 2016, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasarsa bayan tagullar ɗan dambe Issaka Daboré ta 1972, sannan ya zama zakaran duniya a garin Muju na Koriya ta Kudu a 2017. Ɗaya ya taso da Turanci a makaranta, ɗaya da Faransanci, amma a kan tabarmar gasa kunnensu harshe ɗaya yake saurare. Nan kusa da mu ma, Koriya ta Kudu ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja tun 2010, kuma takwando na cikin abin da ake koyarwa a can.

To, me ya sa ba za mu fassara ba? Wani abokina a aji, mai kishin Hausa na gaske, yakan ce duk kalmar da muka ara alhali muna da tamu, mun yi wa harshe ɓarna. Yana da hujja, domin Hausa ba ta rasa kalmomin duka ba. Muna da shuri da hauri da harbi da tokari, muna da naushi da ƙulli da mangari da mahangurɓa da dundu, muna da taɗiya da harɗiya. Wanda yake da wannan dukiya, in ji shi, me zai yi da "chagi"?

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a cikin wannan hutu. An kai su ƙanena wata 'yar gasa ta yara a Abuja, na raka shi. Yana cikin fafatawa, shi ne ma a gaba da maki, sai alƙali ya miƙa hannu tsakaninsu ya ce "kalyeo", wato ku rabu. Yaron nan bai taɓa jin kalmar ba, domin a filinsu malamin usur yake busawa ko ya ce "tsaya". Ya kai shuri bayan umarni, aka ci shi tarar da suke kira "gamjeom", aka ƙara wa abokin karawarsa maki. Ya sake, aka sake. Da ratar maki ɗaya aka fitar da shi. A mota daga Zuba har gida bai ce uffan ba. Ban ga laifin yaron ba, kuma ban cika ganin na malamin ba, domin shi ma a haka aka koya masa. Amma ranar na gane cewa wanda ya fassara wa yaro umarnin alƙali ya ɓoye masa na asali, ya tura shi kasuwa ne da kuɗin da ba a karɓa.

Kuma ai ba yau Bahaushe ya fara irin wannan aro ba. Gidajen rediyo sun ƙirƙiro mana "bugun daga kai sai mai tsaron gida", magana mai daɗi ƙwarai, amma je ka kowane filin ƙwallo a Madalla, idan aka yi ƙeta a da'ira "fenariti" za ka ji ana ihu, domin kafin ka gama faɗar waccan an buga an ci. Soja ya ba mu fareti da kofur da saje da samanja, ba wanda ya ce Hausa ta mutu. Kalmar umarni gajeriya ake so, kuma wadda kowa a fili ya sani.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake koyar da su, kamar ƙara kawai, a haddace a maimaita. Wannan abin takaici ne, domin kalmomin takwando na daga cikin mafi sauƙin keɓaɓɓun kalmomin da na taɓa gani. Yawancinsu harɗaɗɗu ne, kuma a fili ginin nasu yake. Koriyanci yana da ɗafa-ƙeya "-gi" da ke mayar da aikatau suna, kusan yadda muke samun "shuri" daga "shura". Daga "chada", shura, aka sami "chagi". Daga "makda", tare, aka sami "makki". Daga "jireuda" aka sami "jireugi", naushi, daga "seoda" aka sami "seogi", tsayuwa. Sai kalmomin nahiya: "ap" gaba, "yeop" gefe, "dwi" baya, "arae" ƙasa, "momtong" gangar jiki, "eolgul" fuska. Su suna sa mai bayani a gaba, mu muna sa shi a baya. Ke nan "ap chagi" shurin gaba ne, "yeop chagi" shurin gefe, "dwi chagi" shurin baya, "arae makki" kariyar ƙasa, "momtong jireugi" naushin gangar jiki, "ap seogi" tsayuwar gaba. Da kalmomi goma ɗin nan yaro zai iya warware sunaye masu yawa da kansa, har da waɗanda bai taɓa ji ba. Na gwada da ƙanena a tsakar gida, kafin a kira magariba ya kama. Da na ce masa "eolgul makki" sai ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, alhali ban fassara masa ba.

Ga ɗan'uwa mai nazarin tsarin sauti ma akwai abin kallo. Kalmar da ake rubutawa "sijak", Bakoriye "shijak" yake furta ta, domin a harshensa /s/ takan ganɗance a gaban wasalin /i/, kamar dai yadda muke cewa "fasa" amma "fashi". Kalmar "junbi", wato a shirya, a baki takan koma "jumbi", naso irin wanda muke yi a "ɗan birni". Inda aka rabu shi ne ƙarshen kalma. Bahaushe ba ya son rufe kalma da /k/ ko /t/ ko /p/, shi ya sa na ji yaran Kwamba suna cewa "shija" da "cariyo" maimakon "sijak" da "charyeot". Kuma da yake ba mu da /p/, "ap chagi" ta koma "af cagi", "poomsae" ta koma "fumse". Shi kansa sunan wasan ya zama "takwando", har wata gwaggona take tambaya ko wasan saƙa kwanduna ne. Ban ga aibun wannan kwaskwarima ba, haka harshe yake yi wa baƙo. Aibun yana wajen rubutu. Allon da malamin ya rataya an rubuta shi ne da rubutun Turawa, inda "oo" take nufin /u/, "eo" kuma wani wasali ne mai kama da /o/, sai yaro ɗan Hausa ya karanta "poomsae" da dogon wasalin /o/. Da an rubuta masa "fumse" da "cagi" da "kalyo" da "gamjom", da ya fi kusa da furucin masu harshen.

Akwai wata kalma guda da ta kusa hana yaron wasan gaba ɗaya. Baba ya ji labarin cewa ana sa su sunkuyawa, ya kira shi ya ce, "Me kuke cewa in za ku yi wannan ruku'in?" Yaron ya ce "kyongne". Baba ya ce me take nufi? Shiru. Ba abin da ke tayar wa uba hankali irin ɗansa ya riƙa maimaita kalmar da bai san ma'anarta ba yana sunkuyar da kai. Ni na shiga tsakani na ce, "Baba, gaisuwar girmamawa take nufi, ita ce kalmar da sojansu ke amfani da ita wajen sara wa na gaba." Hukuncin sunkuyawar kanta na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Amma aƙalla da aka san ma'anar, an yi maganar a kan abin da yake akwai.

Yanzu bari in juyo gida, domin a nan ne nake ganin kishin abokina ya fi amfani. Daga Suleja zuwa gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei ba wata tafiya ba ce. Wanda ya taɓa zama a can ya san dambe yana da nasa keɓaɓɓun kalmomi tsaf. Ana sa zare, ana yin turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi, in ba haka ba a tashi babu kisa. Akwai ɓangaren Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa. Akwai tsarin suna da ke nuna gidan da ɗan wasa ya fito, Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Akwai kirari da kiɗa, da waƙoƙin irin su Ɗan Anace da suka adana sunayen mazan jiya. Yau dambe ya shiga YouTube, mutanen da ba su taɓa taka Nijeriya ba suna kallo. Sai dai a yawancin faifayen da na gani waɗanda aka yi domin baƙi, turmi ya koma "rawun", kisa ya koma "nokawut". Bakoriye ya sa ɗan Kwamba yana ƙirga da harshensa, mu kuwa muna cire namu kalmomin kafin ma baƙon ya nemi a cire. Idan Bature zai iya koyon "dollyo chagi", ban ga abin da zai gagare shi a "turmi" ba.

Aikin kuwa namu ne. Tun 1990 aka fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ya sa yau muke iya cewa "ganɗantawa" da "ɗafa-ƙeya" kowa a aji ya gane. Irin wannan dambe da kokawa suke bukata, a je dandali da littafi da rikoda, a tambayi tsofaffin 'yan wasa da makaɗa sunan kowane naushi da kowace tsayuwa, a ga inda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci, a daidaita rubutun. Duk shekara muna ta neman batun kundin digiri, ga shi nan kwance.

Kafin in dawo makaranta na rubuta wa su ƙanena takarda mai layi uku, rubutun Turawa da furuci da rubutun Hausa da kuma ma'ana, kalmomi talatin da biyu. Malamin ya karɓa ya manna kusa da tsohon allonsa. Kalma ɗaya ce muka kasa daidaitawa, "dollyo chagi". Ni na rubuta "shurin kewaye", malamin ya ce "shurin juyi" ya fi, yaran kuwa tuni sun raɗa mata "marin ƙafa", kuma da alama tasu ce za ta zauna.