Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano: Kada Mu Gadar Wa Halitta Mugun Hali

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga Madadi, a ƙaramar hukumar Gwarzo, a kan wani wasa da bai kafu a ƙasar Hausa ba tukuna, amma yana tafe. Fatana shi ne ya iske mu da shiri.

Zan kira shi wasan shiga labari. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa da ƙafarsa. Jagora ya ce ga ku a bakin kogi, kwalekwale ya tsallaka, ga ƙurar mahara ta taso a bayanku. Kowa ya faɗi abin da zai yi, a jefa dayis irin na ludo a ga ko ya dace. Mafi shahara a cikin irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, yau kuma yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. A Abuja ma akwai kamfanin NIBCARD da ke ƙera wasannin zaman tebur, har ya ci lambar yabo ta Diana Jones a 2021. Wasa ne da ba ya neman lantarki ko data, sai tabarma da takarda da baki. Yaran Madadi da Getso da Garo, waɗanda suka san tashe, suka ji labarin yadda samari ke naɗa sarki da alƙali a bikin kalankuwa, ba za su ɗauki dare biyu kafin su gane shi ba.

Ranar da matasanmu za su ƙirƙiri nasu na Hausa, tambaya ta farko da za su ci karo da ita ita ce ta jinsin halittu: wace halitta ɗan wasa zai iya zama, kuma me za a rubuta a kanta? A nan ne masu wasan na Amurka suka yi tuntuɓe, suka shafe shekara 50 suna gyara.

A tsarinsu kowane jinsi da lissafinsa. A bugu na uku na wasan, wanda ya fito a 2000, wanda ya zaɓi ruwa biyu tsakanin ɗan Adam da halittar da suke kira Orc, ana ƙara masa maki 2 a ƙarfi, a rage masa 2 a basira, a rage 2 a kwarjini. Har a wani littafi na 2016 an rage wa Orc maki 2 a basira. Wata al'umma mai baƙar fata da ke zaune ƙarƙashin ƙasa, Drow, an daɗe ana nuna ta da mugunta tun daga tsatso. 'Yan wasa baƙaƙe sun lura cewa siffofin da ake ba waɗannan halittu su ne dai waɗanda 'yan mulkin mallaka suka riƙa ba kakanninmu. A watan Yuni na 2020 kamfanin Wizards of the Coast ya fito fili ya amsa cewa akwai gyara, a ƙarshen shekarar ya ba ɗan wasa damar ya kai makinsa inda yake so. Duk da haka a 2022 ya sake fitar da wasu halittu masu kama da birai, Hadozee, da labarin cewa wani matsafi ne ya ba su basira don ya sayar da su bayi. Sai da ya nemi gafara, ya goge. A littafin 2024 an cire makin basira da ƙarfi daga jinsi gaba ɗaya, an mayar da shi ga tarbiyya da sana'ar da jarumi ya taso a ciki.

Wani zai ce ai tatsuniyarmu ma haka take: Kura kullum da kwaɗayi, Dila da wayo, Gizo da ƙwange da tsamin baki. Gaskiya ne, duk wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, ko na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, zai gan su haka. Amma Gizon tatsuniya mutum ɗaya ne, mijin Ƙoƙi, ba al'umma ba. Kuma yaro sauraronsa yake yi, ya yi dariya, ya je ya kwanta. A wannan wasa kuwa yarinya za ta yi watanni tana cewa “ni ce Kura”. Idan takarda ta riga ta yanke cewa ba za ta taɓa riƙe amana ba, an ƙwace mata wasan, an kuma koya mata cewa hali a jini yake.

Wannan darasin ne nake tsoro, ranka ya daɗe, domin mu ma muna da namu ciwon. Muna da labaran barkwanci a kan Bafillatani da Bagware da Bamaguje. Tsakanin abokan wasa, kamar Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, kowa ya san iyakarsa kuma kowa yana da damar ramawa. A takardar doka babu mai ramawa. Idan wani ya zana halitta siririya mai sanda da garke, mazauniyar daji, ya rubuta mata saurin fushi da rashin yafiya, babu yaron da ke zuwa kasuwar Getso da ba zai san wa ake nufi ba, a lokacin da rikicin manoma da makiyaya ke cin rayuka a Arewa. Ba sabon abu ba ne a wurinmu a ɗora wa halittun ɓoye sunan ƙabila. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin bori a Kano ya fitar da littafi a 1983, ya nuna yadda masu bori suka kasa iskokin birnin Jangare gida 12, har da gidan Fulani da na Gwari da na kutare. Mai neman abin kwafa cikin sauƙi can zai fara leƙawa, kuma bai kamata ya leƙa ba.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari, wato maita. Mutanenmu da yawa sun yarda gadonta ake yi. Zargin maita ya raba aure, ya hana 'yan mata miji, ya sa an doki tsofaffin mata a ƙauyuka. Wasan da zai sa maye ya zama jinsin da ake haifa, ko da don nishaɗi ne, ya sa hannu a wannan zalunci. Haka nan zabiya da wada da kuturu mutane ne, 'yan'uwanmu, ba dodanni ba, kada a mayar da halittarsu jinsin wasa.

To, yaya za a tsara? A ganina, jinsi ya tsaya a jiki kawai, kuma a bar jikin ya bambanta sosai. Ɗan ruwa ya yi numfashi a ƙarƙashin gulbi, amma idan rani ya tsananta ya galabaita sai ya jiƙa fatarsa. Jinsin gizo ya hau bango da ƙafa takwas, amma iska mai ƙarfi ta iya ɗauke shi. Kura ta sunsuno nama daga nesa, ta ga hanya da dare, yunwa kuma ta riga kowa kama ta. Kowace baiwa da nauyinta, don kada wani jinsi ya zama shi ne na masu son cin nasara, saura na rakiya. Ilimi da gwaninta su fito daga gidan da aka taso. A nan muna da abin da Turawa suka daɗe suna lalube: mun san sana'ar gado, mun san haye. Ɗan ruwan da maƙera suka raina zai iya riƙe masaba, ɗan mahauta zai iya zama malami, kuma dokar wasa ta ba ɗan haye daraja daidai da ɗan gado. Hali kuwa, nagarta ko mugunta, a bar wa ɗan wasa. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Daɗin wasan shi ne daren da za a ba ta, hancinta na azabtar da ita, abokan tafiya na kallonta, yarinyar da ke riƙe da ita ta yanke shawara da kanta.

Wani abu guda da masu littafin 2024 suka yi ban yarda da shi ba: sun cire 'yan ruwa biyu daga jerin zaɓi. Ciwon yana cikin yadda aka siffanta su, ba cikin samuwarsu ba. A ƙasar da gida ɗaya za ka sami kaka Bafillatana, uwa Bakatsiniya, uba Bakano, wasan da bai san auratayya ba bai san mu ba. A bar yaro ya ɗauki baiwa ɗaya daga wajen uwa, ɗaya daga wajen uba, da nauyin kowace.

Batun aljanu na malamai ne. Musulmi ya yi imani da su, ba tatsuniya ba ne, don haka a tambaya kafin a sa yaro ya ce shi aljani ne. Amma ko a nan akwai abin lura, domin Suratul Jinn ta nuna a cikinsu akwai na kirki akwai akasin haka. Idan aljanu ba su zama iri ɗaya ba, da wace hujja za mu yanke wa Dodo hukunci tun yana ciki? Malamai da dama kuma suna ƙyamar wasa da dayis. A ji ta bakinsu, in ya so a yi amfani da kati mai lamba ko ƙwallayen dabino a jaka.

Roƙona ba doka ba ce ko tacewa. Ina roƙon hukumarka ta kira zama a mazauninta, Gidan Ɗan Hausa: marubutan littattafan Hausa, masu zane, malaman harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero, malaman addini, da tsofaffin matan karkara waɗanda tatsuniya ke bakinsu har yanzu. A fitar da ɗan littafin jagora cikin Hausa ga duk mai son ƙirƙirar irin wannan wasa. Kafin a buga shi, a ba Fulani da Gbagyi (Gwari) da Maguzawa da masu buƙata ta musamman su karanta, a biya su ladan aikinsu, a kuma saurare su idan suka ce sun ga kansu a fuskar wani dodo. Sannan a kawo gwajin farko makarantun Gwarzo da Kabo, a zauna a bayan aji a ga wace halitta yara ke rububin ɗauka, wacce kuma suke tura wa wanda ba sa so.

Allah ya taimaki shugaba, ya yi riƙo da hannunka.

Wassalam.

Daga Madadi, ƙaramar hukumar Gwarzo, Jihar Kano.