Zanen Aro da Kalmar Aro

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wannan gaskiya ce game da tufa, amma ba ta shafi kalma ba. Kalmar aro idan ta daɗe a bakin mutane, takan zama tasu.

Ga misali daga Turai. A Faransanci akwai sifa *net*, ma'anarta mai tsabta ko bayyananne. Da ta shiga Jamusanci sai ta koma *nett*, ana faɗinta ga mutum mai kirki. A harshen Suwidin kuwa ta zama *nätt*, wato ɗan ƙaramin abu mai kyan gani. Sauti ya canja, ma'ana ta canja, kuma Bajamushe ba ya jin baƙunta a bakinsa.

Haka abin yake a Hausa. Sifa *jahili* daga Larabci ta zo, amma ta bi ƙa'idar Hausa, ta sami ta mace, *jahila*, da jam'i, *jahilai*. Ba mai kiranta baƙuwa.

To, me ya sa wasu ke raina kalmomin Faransanci na Hausar Nijar? Turawan Ingila da na Faransa ne suka raba ƙasar Hausa da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Daga nan Kano da Katsina suka riƙa aro daga Ingilishi, Maraɗi da Damagaram kuma daga Faransanci. Bakano ya ce *ofis*, mutumin Maraɗi ya ce *biro*. A Kano kuwa *biro* abin rubutu ne, wanda a Maraɗi ake kira *bik*. Haka kuma *lakwal*, wato makarantar boko, da *mushe*, wato malaminta.

Wasu na cewa ɗalibi zai ruɗe idan aka haɗa masa biyun. Hujjarsu tana da ƙarfi a shekarar farko, domin daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano aka gina ta, kuma da ita ya kamata a fara. Amma tsayawa a nan kuskure ne. Ɗalibin da ya nemi *biro* a kasuwar Maraɗi ana iya nuna masa hanyar ofis.

A 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Saboda haka ya kamata littattafan koyarwa su kawo *ofis* da *biro* tare, su faɗi inda ake amfani da kowace.